Lurik, Wadda Aka Warkar Har Lahira

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, irin baƙin cikin da ya duba gabas da yamma ya rasa wanda zai kama da laifi, Yu Parjiyem ta unguwar gangare a ƙauyen Ngelorejo tana sanar da matan adashin ranar Lahadi, da duk wadda ta taɓa tsayawa a bayan gidanta ta riƙe haɓa, rasuwar abokiyar zamanta, shukar nan mai yaɗo, mai koren ganye da farin gefe, wadda babba da yaro suka sani da suna Lurik. Ta cika ranar Talata da hantsi, a cikin kaskon ƙasa, a bayan randar kicin, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba amma ta ci rai. Yu Parjiyem ta so ta rubuta sanarwar da hannunta. Ta ɗauki biro ta ajiye, ta sake ɗauka ta ajiye, daga ƙarshe ta zauna ta faɗa, maƙwabciyarta ta rubuta.

Wanda ya bi ta bayan gidan yau zai ga gangaren lulluɓe da ganye kore shar, ya fi kowace shekara cika, sai ya ce wasa ake da mutuwa. Ba wasa ake ba. Abin da ke shimfiɗe a can jininta ne, amma ba ita ba ce.

Marigayiya 'yar asalin Bogor ce, garin da ruwan sama bai san hutu ba. A can ta tashi, a lambun wata tsohuwa, Oma Giok, wadda Yu Parjiyem ta yi wa aikin gida shekara ashirin da ɗoriya. Yu Parjiyem ta tafi aikin ne mijinta bai daɗe da rasuwa ba, ta bar 'yarta Lastri a hannun yayanta, Kang Ngadiran, ta kuma bar masa gonar gado gaba ɗayanta, don idan aka raba ta biyu ba ta ciyar da kowa. A gidan Oma ta koyi dokar Lurik, wadda guda ɗaya ce tak: duk reshen da ya fito kore zalla, ba fari a jikinsa, a bi shi har gindi a yanke tun yana ƙarami. Koren ganye shi ke cin rana ya yi abinci. Fari ba ya ci da kansa, ciyar da shi ake yi. Reshen da ya zama kore duka ƙarfinsa ya ninka na 'yan'uwansa, in aka ƙyale shi damina ɗaya sai ya haye kansu.

"Ba mugu ba ne, Parji," in ji Oma, tana nuna shi da sandarta. "Lafiya ce ta yi masa yawa. Yanke, kar ki ji tausayi. Wanda ya koma kore ba ya dawowa."

Da Oma ta rasu, 'ya'yanta suka sayar da gidan. Inda lambun yake, yau nan ake ajiye babura. Ranar da Yu Parjiyem za ta taho aka ce ta zaɓi abin da take so: ga tukwane, ga fanka, ga keken ɗinki. Ta wuce su duka ta je ta yanki rassa cikin tafin hannu, ta naɗe su a jiƙaƙƙen ɓawon ayaba, ta riƙo su a cinya tun daga Bogor har gida. Guminta na shekarun nan duk ya shige jikin wasu, yana kan rufin gidan wani, yana cikin garken wani, yana cikin takardar makarantar Lastri. Waɗannan 'yan rassa su kaɗai ta dawo da su don kanta.

Ba wanda ya zaci baƙuwar za ta kai Sallah. Ƙasarmu dai farin dutse ce da 'yar ƙasa a tsakani, kamar ragowar nama a haƙori. Yu Parjiyem ta zaɓar mata gangaren bayan gida, ƙarƙashin tsamiya, inda hantsi ke leƙowa ya wuce, rana tsaka kuma ta tarar da inuwa. Gangaren nan a da duk damina yakan sauko kicin ya kwana, jar laka har gindin murhu. Ta bi ramukan dutsen tana cusa ƙasa da ruɓaɓɓen ganye, ta kwantar da kowane reshe ta danne gaɓarsa da lanƙwasasshen tsinken gora, don gaɓar ta taɓa ƙasa ta yi saiwa. Da rani ya shigo, tafki ya tsage, aka koma jiran tankar ruwa, sai ta ajiye bokiti a gefen randa. Ruwan wankin shinkafa, ruwan ɗaurayar ganyen miya, ragowar shayin da baƙo ya bari, duk na Lurik ne, ana ba ta da ludayin kwakwa, a gindi, ba a ka ba.

Mbah Sakinem, tsohuwar gidan sama, wadda bakinta ya ƙi tsufa tare da ita, takan leƙo ta kan shinge.

"Nduk, 'yar nan, kanki ɗaya kuwa? Mutane na layin ruwa, ke kina shayar da ciyawar da ko akuya ta shinshina sai ta kau da kai!"

"Ai shi ya sa nake son ta, Mbah. Ita kaɗai ce a gidan nan ba za a cinye min ba."

"To, Allah ya ba ku lafiya, ke da ita."

Marigayiya ta kama, ta yi shekara tara a cikinmu, kuma halayenta ba sai an ƙara musu gishiri ba. Mai ƙanƙan da kai ce. Ba ta taɓa ɗaga kai ta wuce idon sawu ba, ba ta hau katangar kowa ba, ba ta leƙa gidan kowa ba. Inda ta kai, nan take durƙusawa ta kafa saiwa, sannan ta ƙara gaba. Ta riƙe gangaren da ya gagari duwatsun da maza suka jera, laka ba ta sake shiga kicin ba. Ciyawa kuwa ba ta taɓa faɗa da ita ba, haske kawai take rufe mata har ciyawar ta gaji ta bar unguwar. A tsakiyar rani, lokacin da itatuwan katako na jati ke tuɓe ganyensu, tuddai su koma launin toka, Lurik kaɗai ke nan yadda take, ba ta zubar da ganye, ba ta canza fuska. Mata masu dawowa daga ɗebo ruwa kan karkato ta nan, wai hanyar ta fi kusa, alhali kowa ya san ta fi nisa.

Ganyenta ƙanana ne, ba su fi farcen babban yatsa ba, kuma ba biyu da suka yi kama: wani farin a gefe yake, wani ya ratsa tsakiya, wani rabi da rabi. Don wannan zanen aka sa mata sunan saƙin nan namu mai ratsi-ratsi. Kowace safiya, kafin ta ɗora ruwan shayi, Yu Parjiyem kan fita da ɗan almakashinta, ta tsuguna ta ratsa yatsu cikin ganyen tana neman kore zalla. In ta samu ta ce masa, "Yi haƙuri," ta datse.

Ba mai yawan magana ba ce, amma mai ita ta san muryarta. Ruwan farko idan ya sauka, kafin a ji shi a kan rufi a bakinta ake fara ji: tas, tas-tas, tas. In kulɓa ta ratsa sai ta ce shaa, ta yi shiru. Bayan an ɗauke ruwa kuma takan daɗe tana ɗis… ɗis… a kan duwatsun ƙasa, kamar mai jan carbi. Yu Parjiyem ta ce a shekarun Bogor kunnenta kullum a kan ƙararrawar Oma yake. Wannan ɗis ɗin shi ne sautin farko da ta taɓa zama ta saurara ba don ana kiranta ba.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yarda lafiyarta ƙalau ba, shi ne Kang Ngadiran, kuma ba a ga laifinsa ba. Manomin masara ne, kuma duk manomin masara a tuddan nan ya san abin da farin ratsi a ganye ke nufi: bulai, ciwon da ke shiga gona da sanyin damina, ya faro da zane ɗaya ya ƙare da rumbu wayam. Maganinsa a tumɓuke, a ƙone, tun kafin ya kama na kusa. Shekarar da Lastri ta shiga sakandare bulai ya cinye masa gona kaf, suka rayu a kan rogo da ɗan abin da ke zuwa daga Bogor. Tun daga nan in ya ga fari a ganye sai hannunsa ya fara ƙaiƙayi.

"Yem, shukar nan taki fa ba ta da lafiya."

"Haba Kang, kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta. Haka Allah ya yi ta."

"Allah ya yi ta da bulai? Ke dai ba kya son a faɗa. Jiya na ga reshe ya warke da kansa, yau kin bi shi kin yanke! Mai lafiya kike yankewa ki bar majinyata. Wane irin asibiti ne wannan?"

"Sha shayinka, Kang, zai huce."

Suna wannan har ya zama gaisuwarsu. Ita ta ɗauka tsokana ce irin ta wa da ƙanwa. Shi kuwa ya ɗauki "haka Allah ya yi ta" a matsayin maganar da uwa ke yi a kan ɗanta mai ciwo, kuma a faɗi gaskiya, rabin unguwar haka suka ɗauka.

Ciwon ajali ya faro ne da abin farin ciki. Lastri ta haihu a Semarang, Yu Parjiyem ta tafi zaman jego a farkon damina. Haihuwar ta zo da tiyata, zaman da aka shirya na wata guda ya ja har kusan ƙarshen damina. Abin da kawai ta ce wa yayanta da za ta tafi shi ne ya riƙa leƙawa kar kaji su tona. Ya ce ta tafi hankalinta kwance.

Kang Ngadiran mutum ne da kalmar godiya ke maƙale masa a wuya. Bai taɓa ce wa ƙanwarsa komai ba a kan gonar da ta bar masa, ko shekarun da ta yi tana wanke tsohuwar wasu. Da hannu yake magana, sai ya ga ga dama ta samu. Ya zo da tabarma da kwando. Mutumin da gwiwa ta hana sujada, har a masallaci a kan kujera yake sallah, shi ne ya durƙusa a kan farin dutse tun daga saman gangaren yana bin reshe-reshe. Duk mai fari ya tumɓuke shi da saiwarsa. Duk kore zalla, irin waɗanda suka toho da ruwan farko ba almakashi a kusa, ya gyara masa zama, ya tara masa ƙasa a gindi. Ya yi kwanaki a haka, rana ta fito masa a wurin ta faɗi masa a wurin. Abin da ya tumɓuke ya kai bakin gona ya ƙone ƙurmus, yadda ake yi, don kada ciwon ya dawo. Sannan ya ɗebo takin zamani daga ɗan rabon masararsa, a shekarar da taki ke wuyar samu, ya barbaɗa ba ƙyashi. Mbah Sakinem na kallo ta kan shinge tana sa albarka, har rogo ta dafa ta miƙo masa.

Ruwa ya sauka a kan takin. Kafin a ankara gangaren ya rufe ruf, kore har yana baƙi, ganyen sun yi faɗi suna sheƙi. Masu wucewa suka riƙa cewa hannun Ngadiran akwai albarka.

Ranar da ta dawo, a bakin hanya ta same shi yana jiranta, sanye da rigar zuwa biki. Ya karɓi jakarta, ya hana ta shiga gida, ya ce ta biyo shi ta baya. Yana tafe yana ɗingishi, gwiwoyinsa biyu ɗaure da tsumma, warin man zafi na tashi. Da suka zagayo tsamiya ya ajiye jakar ya buɗe hannu.

"To, ga ta nan. Duba da kyau, Yem. Nemo min fari ɗaya in ba ki akuya."

Ta duba daga sama har ƙasa, ta sake dubawa. Ta dafa tsamiya.

"Ina… ina sauran, Kang?"

"Na ƙone su tas, ba ki da sauran fargaba. Na ce miki ciwo ne kin ƙi yarda. Ga shi ta warke."

Ta buɗe baki. Maganar tana nan a kan harshenta da zafinta. Sai idonta ya sauka kan tsumman gwiwarsa, inda jini ya ɓullo ya bushe, sannan ya koma kan fuskarsa. Tsoho da furfurarsa yana kallonta kamar yaron da ya kawo sakamakon jarrabawa.

"Ka sha wahala, Kang."

"Wahalar me? Ke da kika yi shekara ashirin a gidan mutane don ni in…" Ya tsaya nan. Ya juya ya yi kaki ya tofar, ya ce ƙura ce, alhali damina ake. Duk tsawon rayuwarsu bai taɓa kaiwa nan a magana ba.

"Na gode," in ji Yu Parjiyem. "Ta yi kyau."

Ta shiga ɗaki ta yi kukan da ba ta yi ba ranar rasuwar Oma, da zani a baki, saboda yana nan a waje yana cire wani ɗan haki da ya hango.

Washegari ta fita da almakashi ta rasa abin yankewa, tunda duka abin yankewa ne. Ta ajiye shi ta shiga ɗaga ganyen da hannu, taku bayan taku. Bayan 'yan kwanaki, can ƙasa, cikin wata tsagar dutse da yatsun Kang suka kasa shiga, ta same ta: ɗan reshe guda, bai kai tsawon yatsa ba, duhun da koren ya yi masa ya ramar da shi. Fari ne kusan duka, sai wani siririn kore kamar zare a tsakiyar ganye biyu. Wannan zaren shi ne duk abincin da ya rage wa Lurik a duniya.

Nan jinya ta fara, nan kuma aka shiga gaba kura baya siyaki. Abin da ya dace shi ne a bar ta a kan saiwarta, a yanke koren da ke kewaye a buɗe mata haske. Ta yi hakan. Da la'asar sai ga Kang, don yanzu kullum sai ya biyo ya duba majinyaciyarsa. Ya hango gurbin.

"Wa ya yi wannan ɓarna? Kajin Mbah Sakinem ko? Bari in gani."

"Ni ce na taka, Kang, santsi ya ɗebe ni. Wuce mu je ka sha shayi."

Ta tsaya a kan wurin, zaninta ya rufe tsagar, har ya juya. Ta san idan ya ga farin nan ba zai tambaya ba, yatsa biyu zai sa. Ta san kuma hanyar hana shi ɗaya ce: ta zaunar da shi ta ce masa abin da ya ƙone ba ciwo ba ne, ita ce. Da ya tafi ta kawo wuƙa ta ɓamɓaro reshen da 'yar saiwar da ta biyo shi, ta dasa a kasko, ta kai bayan randa.

Mbah Sakinem ce ta fara ganowa, don ba abin da ke ɓuyar mata. Da ta ji bayani ta tafa hannu ta yi salati.

"Garin gyaran gira an rasa ido! Ni kuma har da dafa masa rogo. To faɗa masa mana, Nduk. Namiji ne, zai ji zafi ya huce. Ki fito da abarki ta sha rana."

"Mbah, sau ɗaya ya taɓa ba ni kyauta a duniya."

"Kyautar da ta kashe miki 'ya?"

"Ita ce dai yake da ita."

Haka aka yi ta jinya a ɓoye. Da hantsi ta fito da kaskon bakin ƙofar kicin ya sha haske, kunnenta na kan hanya. Da ta ji tarin Kang sai ta sure shi ta mayar bayan randa. Shi kuwa, da yake gwiwar ta ƙara rikicewa ta hana shi gona, ya mai da gidan ƙanwarsa wurin hira, ya zo da safe ya kai azahar a gindin tsamiya yana kallon aikinsa. Yawancin hasken da ya kamata Lurik ta sha, a bayan randa ya wuce ta. Duk da haka ta yi ƙoƙari, ta fitar da sabon ganye biyu. Kyawawa ne, fari fat kamar cikin kwakwa, ba ɗigon kore ko ɗaya. Maƙwabciya ta gani ta ce barka. Yu Parjiyem ta daɗe tana kallonsu, sannan ta ce, "Baki biyu ne suka ƙaru, ba mai nema."

Daga nan gefen tsoffin ganyen ya fara ƙonewa, zaren koren ya dushe. An gwada ruwan kwakwa, an gwada jiƙon ɓawon albasa, an canza ƙasa. Lastri ta bugo ta ce, "Mak, daina wahalar da kanki, irin wannan cike suke a kasuwar waya, in sa a kawo miki har gida." Uwar ta ce ta gode, a bari. Na waya ba su san sandar Oma ba, ba su hau cinyarta daga Bogor ba. Ranar Talata da hantsi ta ɗauko kaskon za ta kai haske, ta ga reshen ya kwanta a kan ƙasa. Ta taɓa shi da ɗan yatsa, ganyen ƙarshe ya rabu da shi, bai yi ƙara ba. A daidai lokacin Kang ya shigo yana kiran shayi, ta goge ido ta kai masa.

Marigayiya ta rasu ta bar 'ya'ya da jikoki da ba sa ƙirguwa, su ne shimfiɗe a gangaren, ƙosassu, masu ƙarfi, ba ɗaya da ya ɗauko ta. Albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ba a ce ba su da amfani ba: suna riƙe da ƙasa yadda uwarsu ta riƙe, kuma Yu Parjiyem ta ce za ta shayar da su da rani, don ba su suka zaɓi kamanninsu ba. Ta bar kulɓa guda da iyalinta, waɗanda ba su ma lura an yi rasuwa ba. Ta bar ɗan almakashi mai jan hannu, wanda yau ya rasa aiki. Ta kuma bar Yu Parjiyem, wadda har yanzu takan fita bayan gida kafin ta ɗora ruwan shayi, sai ta kai tsakiyar gangaren ta tuna, ta tsaya. Ta ce a rubuta a fili cewa tana kewarta, kewa mai tsanani, kuma ba ta jin kunyar a ce a kan ganye ne.

Za a yi jana'iza ranar Wage mai zuwa, ɗaya daga cikin ranaku biyar na zagayen kasuwanninmu, da hantsi. Matar liman ta tambayi mijinta a kaikaice. Ya ce ganye ba a yi masa sallah, amma ba wanda ya hana a binne shi, ba kuma wanda ya hana a yi wa mai shi ta'aziyya. Za a naɗe ta a ganyen ayaba a sa ta a gindin tsamiya, ta gefen da hantsi ke fara taɓawa. Bayan nan akwai tiwul, tuwon garin rogo, da miyar kwakwa mai koren barkono, da dafaffiyar gyaɗa, da shayi mai kauri. Mbah Sakinem ta ɗauki nauyin rogo, ta ce da shi ta yi laifi, da shi za ta nemi gafara. Ana roƙon masu zuwa kada su kawo shuka, ta tukunya ko ta leda, komai kyanta. A zo da tabarma, don kujeru ba za su isa ba.

An zaɓi Wage ne don ranar kasuwar shanu ce. Gwiwar Kang Ngadiran ta ɗan yi sauƙi, ya ce zai bi motar maƙwabci ya je ya ga gari, ba ya dawowa sai bayan azahar. Saboda haka wannan sanarwa daga hannu ce zuwa hannu. Kada a karanta ta a masallaci, kada a manna ta a rumfar 'yan sintiri, kada wadda ta kai ta gida ta bar ta inda miji zai gani. Idan kuma Allah ya sa kasuwa ta watse da wuri, ya dawo ya tarar da mata cike da gidan ƙanwarsa da jajayen idanu, a ce masa walimar godiya ce ta samun lafiyar shuka, barkono ne ya yi yawa a miya. Zai ji daɗi. Zai so ya zagaya da ku baya, yana ɗingishi, ya nuna muku ta inda ya fara da inda ya ƙare. Yu Parjiyem tana roƙon kowacce, don girman Allah da darajar zumunci, ta bi shi, ta tsaya ta duba da kyau, ta ce masa sannu da aiki.